Yadda Ake Sauya Bututun Tsohuwar Bindigar Colt M1911 Ba Tare da An Ɓata Ta Ba

Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar M1911 a Amurka, ko ya gaje ta daga kakansa da ya yi soja, ya san wannan lokacin: ka cire bututun, ka ɗaga shi saitin haske, ka leƙa ciki, sai ka ga duhu da ramuka kamar fuskar da zanzana ta ci. Daga waje bindigar lafiya lau, lambarta da tambarinta duk suna nan, amma ciki ya tafi. A nan ne mutane da yawa ke gaggawa, garin neman gira su rasa ido. Wannan rubutu bayani ne kan yadda masu gyaran bindiga da masu tara tsofaffin makamai ke yin aikin, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da shi tun daga farko: idan za a ci ƙarfe, sabon bututu ake ci, ba a taɓa jikin tsohuwar bindiga.

John Moses Browning ne ya zana wannan bindiga, kamfanin Colt ya ƙera ta, sojan Amurka ya karɓe ta a watan Maris na 1911, kuma ba a sauke ta daga matsayin bindigar hannu ta soja ba sai 1985, da Beretta M9 ta gaje ta. A yaƙin duniya na biyu buƙata ta fi ƙarfin Colt, aka raba kwangila ga wasu kamfanoni: Remington Rand masu yin tafireta, Ithaca, Union Switch & Signal, har da Singer, wato masu keken ɗinkin nan da ke kowane shagon tela. Singer guda 500 kacal suka yi, shi ya sa yau tasu ta fi kowacce tsada. Na kawo wannan ne domin ka gane cewa abin da ke hannunka wataƙila ya wuce ƙarfe kawai. Magagari ɗaya da ka goga a inda bai dace ba zai iya zubar da rabin darajarta.

Maganar doka tukuna

A dokar tarayya ta Amurka, gangar jikin bindigar, wadda ke ɗauke da lamba, ita ce bindiga. Bututu kayan gyara ne, ana sayensa kamar yadda ake sayen sifirin, ko da yake jihohi na da nasu ƙarin sharuɗɗa. Kuma duk tsufan M1911, dokar can ba ta sa ta cikin kayan tarihi da aka sassauta wa ba, domin wannan matsayi na waɗanda aka ƙera a 1898 ne ko kafin nan. A Jamus bututun kansa sashe ne da ke buƙatar izini, kuma bayan an sauya shi sai bindiga ta koma gidan gwaji an buga mata hatimi. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa duk bindigar hannu cikin jerin waɗanda aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa, gyaranta ma sai wurin da hukuma ta amince. Don haka wannan aiki na mai lasisi ne a ƙasar da doka ta yarda masa, ko ma'aikacin gidan tarihi, ko mai kula da rumbun makamai na hukuma.

Shin bututun ya mutu da gaske?

Kada ka yi odar komai sai ka amsa wannan tambaya, domin bututu da yawa da aka yanke wa hukunci datti ne kawai ya rufe su. Dalma da jan ƙarfe da toka suna taruwa shekara da shekaru har su binne tsagogin ciki, wato layukan da aka yanka a cikin bututu domin su murɗa harsashi. Ka jiƙa shi da ruwan wanke bindiga ya kwana, ka goge da burushin tagulla daga baya zuwa gaba, ka bi da ƙyalle, ka maimaita har sai ƙyalle ya fito fari. Sau da yawa bayan kwana biyu ko uku za ka ga tsagogi shida sun bayyana, suna murɗawa hagu, zagaye ɗaya a kowane inci 16, yadda aka yanka su tun asali.

Ramukan nan kuwa ba yawan harbi ne ya kawo su ba. Har zuwa farkon shekarun 1950, hular da ke gindin harsashin soja, wadda allura ke sara, tana ɗauke da sinadarin da idan ya ƙone yakan bar wani irin gishiri a cikin bututu. Gishiri yana janyo laima, laima ta kawo tsatsa. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi, shi ya sa sojan da ya sani yakan wanke da ruwan zafi tukuna sannan ya shafa mai. Wanda bai sani ba ya shafa mai a kan gishiri ya ajiye, bayan wata guda ya tarar da ɓarna.

Amma ramuka kaɗai ba su isa hujja ba. Akwai bututu mai duhu da ke harbi daidai fiye da yadda mai shi ke iya saiti. Abubuwan da ke nuna lallai ya gama aiki su ne waɗannan. Harsashi ya riƙa isa takardar da ake saita harbi a kanta a kaikaice, ramin ya fito dogo maimakon zagaye, alamar tsagogi sun daina kama shi. Ko kana tura ƙyalle mai matsi ka ji ya yi sako-sako farat ɗaya a wani wuri sannan ya sake matsewa, wato bututun ya kumbura a nan, galibi saboda wani ya taɓa harba harsashi a bayan wani da ya maƙale. Ko tsatsa ta ci ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, har kwanso na fitowa da ƙuraje yana wahalar fita. Ko ka ga tsagewa a gindin ƙafafun bututu, wato ƙarafa biyu da suka fito a ƙasan gindinsa, ko haƙoransa na sama, waɗanda ke kulle shi da saman bindigar, sun lanƙwashe. Kumburi da tsagewa ba su da magani, kada ka ƙara harba shi ko sau ɗaya.

In kana son tabbaci da lamba, ka shafa mai, ka tura ƙwallon dalma mai laushi da sandar tagulla daga wannan baki zuwa wancan, ka auna shi. Lafiyayyen bututun .45, wato girman harsashin wannan bindiga, yakan ba da wajen 0.451 na inci a faɗin kwarin tsagogi.

Sai tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi: wannan bindiga ta harbi ce ko ta ajiya? Ka duba harufan da ke jikin bututun. HS na nufin High Standard ne suka yi shi, F kuma Flannery, kuma irin waɗannan ne suka fito da bindigogin Remington Rand da Ithaca da yawa. Idan bututun asali ne kuma sauran sassan ma na asali ne, to da shi bindigar ta fi daraja ko da ya rube. Abin da masu hankali ke yi shi ne su sa wani bututun na harbi, su ajiye na asali. Sa'ar da aka yi, a M1911 wannan abu ne mai yiwuwa, domin bututunta zarewa ake yi da hannu. Luger ta Jamus ba haka take ba: nata bututun murɗe yake cikin ƙarfen da ke riƙe da shi, sai da matsi na musamman da sifana ta musamman, ga kuma lambar bindigar a jikinsa. Mauser C96 ta fi wuya, bututu da saman bindigar ƙarfe ɗaya ne, sai dai a huda a zura sabon bututu siriri a ciki. Waɗannan biyun ka kai wa gwani, kada ka gwada a gida.

Wane bututu za ka saya

Iri uku ne a kasuwa. Akwai ragowar na soja, waɗanda aka yi don gyara amma ba a taɓa sa su ba. Ga tsohuwar bindigar soja, ni su na fi so, domin an yi su da sassauci iri ɗaya da nata, kuma kamanninsu ya dace. Akwai sababbi da ake tallatawa cewa zurawa kawai ake yi. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma a'a, don haka ka ɗauki maganar a matsayin fata. Sai na uku, irin na gasar harbi da kamfanoni kamar Kart da Bar-Sto ke yi, waɗanda ake barin ƙarfe ya yi yawa da gangan domin maƙeri ya rage har ya zauna cif. Wannan ya fi kowanne saiti, kuma ya fi kowanne saurin lalacewa a hannun ɗan koyo.

Abin da za ka guje wa shi ne bututu mai gangaren harsashi a jikinsa, wato gangaren da harsashi ke hawa ya shiga ɗaki, wanda a M1911 ta asali a jikin ganga yake. Irin wannan ba ya shiga sai an yanke gangar bindiga, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka sayi bututun inci biyar na .45 irin na asali, tare da sabon mahaɗi (ɗan ƙarfe mai rami biyu da ke haɗa gindin bututu da ganga), da ƙusarsa, da sabon bushin (zoben da ke riƙe bakin bututu), da sabon sifirin mai ƙarfin fam 16.

Kayan aiki ba su da yawa: ma'aunin baniya mai kyau, ƙananan magagarai masu laushi, ɗaya daga ciki ya zama mai gefe sumul wanda ba ya ci, dutsen wasi, baƙin alƙalamin maka ko shuɗin tawadar da masu injin ƙarfe ke shafawa, sifanar bushin ta roba, ma'aunin zurfin ɗakin harsashi guda biyu, harsasan bogi marasa albarushi, tocila da tabarau. Harsashi mai rai kuwa ka fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, ba daga kan teburi kawai ba.

Kwancewa

Ka cire gidan harsashi, ka ja silaid, wato saman bindigar da ke zamewa gaba da baya, zuwa baya, ka duba ɗakin da ido, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Ka sake yi. Sannan ka saki silaid gaba.

Da tabarau a idonka, ka danna marfin sifirin da ke ƙarƙashin bakin bututu, ka juya bushin yadda hannun agogo ke tafiya idan kana fuskantar bakin, ka saki marfin a hankali da yatsa a kansa. Yana da ƙarfi, in ya kuɓuce sai dai ka neme shi a ƙarƙashin kabad. Ka ɗana gudumar bindigar, wadda ke buga allura, ka ja silaid baya har ƙaramin tsagin nan mai kamar rabin wata ya zo daidai da kan makarin silaid, wato ɗan hannun ƙarfen da ke gefen hagu mai sanda da ta ratsa ganga, ka tura sandar makarin daga dama, ka zare shi ta hagu. Silaid zai zame gaba ya fita. Ka cire sifirin da sandarsa, ka juya bushin ɗaya ɓangaren ya fito, ka kwantar da mahaɗi gaba, ka zaro bututun ta bakin silaid.

Kafin ka ɗauko sabo, ka tsaya ka duba cikin silaid da tocila. Silaid ɗin farko-farko ba a gasa ƙarfensu ya yi tauri duka ba, na lokacin yaƙi na biyu ma wurare kaɗan aka taurara. Ka duba ramukan da haƙoran bututu ke shiga, ko gefensu ya daddake ya yi leɓe. Ka duba fuskar da gindin harsashi ke jingina, ko ta lotsa a kewayen ramin allura. Ka nemi tsagewa kusa da tagar da kwanso ke fita. Idan silaid ya gaji, sabon bututu ba zai warkar da shi ba, sai ma ya ƙarasa shi.

Ka auna tsohon bututun ka rubuta: tsawon harshensa na baya (ƙarfen da ya zarce a saman gindin bututu), faɗin harshen, kaurin baki, da tazarar ramuka biyu na mahaɗi. Mahaɗi na asali 0.278 na inci ne daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. Waɗannan lambobi su ne madubinka.

Zaunar da sabon bututu

Kafin a taɓa magagari, yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa idan an harba. Bututu da silaid a kulle suke da juna ta haƙoran sama. Suna ja da baya tare na ɗan taƙi, sannan mahaɗi ya janyo gindin bututu ƙasa, haƙora su saki, bututu ya tsaya, silaid ya wuce da kwanso. Duk aikin zaunarwa ƙoƙari ne na ganin wannan rawa ta tafi a kan lokacinta. Wurare huɗu ake bi, kuma a jere, domin kowanne na shafar na bayansa.

Na farko harshen baya. Ka zura bututun cikin silaid shi kaɗai, ba mahaɗi, ka tura gindinsa sama. Idan ya hau ya kulle da ɗan matsin yatsa, madalla. Idan ya ƙi, ka shafa maka a gefen harshen da ƙarshensa, ka sake gwadawa, ka ciro ka duba inda tawada ta goge. Nan ne ke gugar. Ka fara da faɗi: ka tabbatar ƙafafun bututun suna tsaye a tsakiya, ba su karkata ba, sannan ka rage gefen da ya taɓa. Daga nan tsawo. Shafa biyu ko uku na magagari, a miƙe, ka share, ka sake shafa tawada, ka gwada. Za ka yi wannan sau ashirin ko fiye, kuma hakan daidai ne. Abin da ake nema shi ne harshen ya shiga ba tare da tilas ba, tazarar da ke tsakaninsa da fuskar silaid ba ta wuce kaurin siririyar takarda ba, wajen 0.002 zuwa 0.003 na inci. Bututun soja yakan zo da sassauci fiye da haka, kuma ba laifi ba ne.

Na biyu haƙoran sama, kuma su ne ke ɗaukar ƙarfin harbi. Ga yadda ake auna zurfin kamunsu. Da bututu a kulle, ka auna daga saman silaid zuwa saman bututu ta tagar kwanso. Sannan ka saki bututun, ka matsar da shi gaba kaɗan yadda haƙoransa za su hau kan na silaid maimakon su faɗa rami, ka tura shi sama, ka sake aunawa a wuri ɗaya. Bambancin lambobin biyu shi ne kamun. Ana so ya kai 0.040 na inci ko sama, mafi yawan maƙera sun fi natsuwa da 0.045. Wannan awo za ka sake yin sa bayan an haɗa bindigar duka, domin ƙafafu ne ke yanke iya inda bututu zai hau. Ka kuma leƙa ta bakin bututu da tocila ka ga ramin allura yana kusa da tsakiya.

Na uku bushin. Ya shiga silaid da ɗan matsi, bututu kuma ya zame a cikinsa ba tare da girgiza ba. Amma akwai tarko a nan: bututu ba tafiya gaba da baya kawai yake yi ba, yana sunkuyawa. Idan bushin ya matse da yawa, za ka tura gindin bututu sama ka ji yana turo yatsanka kamar sifirin. Wannan alama ce cewa bututun na lanƙwasa a cikin bushin, kuma zai watsa harsashi sama da ƙasa. Maganinsa a ɗan sassaƙe cikin bushin, ƙasa ta gaba da sama ta baya, har turowar ta ɓace. Sabon bushin za ka sassaƙa. Tsohon ka ajiye shi tare da tsohon bututu.

Na huɗu ƙafafu da mahaɗi, kuma a nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. Ka sa mahaɗi da ƙusarsa, ka haɗa bindigar ba tare da sifirin ba. Wajen mayar da makarin silaid ka kula: kada ka ja shi a kan gangar yana neman raminsa, domin zai bar wani lanƙwasasshen karce da masu tara bindigogi ke kira karcen wawa, kuma suna rage kuɗi saboda shi. Ka ɗora shi daidai kan ramin ka danna ciki a miƙe. Wasu na sa siririn katin roba a ƙarƙashi don kariya.

Ka tura silaid gaba a hankali. Idan ya kulle, ƙafafun bututu biyu ya kamata su hau kan sandar makari su tsaya a kai, dukansu, daidai wa daida. Ka shafa tawada a ƙafafun ka gani. Idan ƙafa ɗaya ce ta goge, bututun zai karkace. Idan babu wadda ta goge, to a kan mahaɗi yake tsaye, wato mahaɗin ya yi tsawo. Aikin mahaɗi janyo bututu ƙasa ne, ba tallabe shi ba. Wasu kan sa dogon mahaɗi don bututu ya ji kamar ya matse, kuma da farko yakan yi daɗin ji a hannu, amma gyaran gangar auzinawa ne: yana jinkirta saukar bututu, haƙora su riƙa karo da na silaid har su daddake, kuma silaid ɗin 1918 ba a samun wani a shago. Bayan an kulle, ka danna saman bututu da babban yatsa ta tagar kwanso. Bai kamata ya nutse sosai ba.

Idan silaid ya ƙi ƙarasawa gaba saboda ƙafafu sun yi kauri, kamar yadda bututun gasa ke zuwa, ana yanka su da wani abin yanka na musamman da ke shiga ta ramin makari. Wanda ba shi da wannan kuma bai taɓa yi ba, a nan ya kamata ya tsaya ya kai wa maƙeri. Ba abin kunya ba ne.

Sai gwajin sauka. Ka zura sandar makari ta cikin mahaɗi amma ka bar hannunsa yana lilo a ƙasa. Ka ja silaid baya kamar rubu'in inci, ka danna bakin bututu a jikin katako ya koma baya iya iyakarsa, ka riƙe a haka, ka kaɗa hannun makarin. Idan yana lilo sakaka, bututun ya tsaya a jikin ganga kamar yadda ya kamata. Idan ya cije, mahaɗi ne ke tsayar da shi, kuma wata rana zai tsinke ko ya tsage ƙafafun. A wannan matsayi dai, ka leƙa ka ga akwai 'yar tazara tsakanin saman bututu da cikin silaid, ko da ta kaurin takarda uku ce.

Da silaid a cire, ka kwantar da bututu a kan ganga ka tura shi baya. Tsakanin leɓen ɗakin harsashi na ƙasa da saman gangaren da ke jikin ganga dole a sami ɗan taki, wajen ɗaya bisa 32 na inci. Idan leɓen ya leƙo kan gangaren, hancin harsashi zai riƙa tuntuɓe da shi. A nan ma bututu ake gyarawa, kaɗan-kaɗan, domin idan aka zurfafa leɓen, gindin kwanso zai rasa majingina ya kumbura ko ya fashe. Gangaren ganga kuwa, kada injin guga ya kusance shi. Tsofaffin bindigogi da yawa sun mutu a hannun mai son ya ga wurin yana ƙyalli.

Zurfin ɗakin harsashi

Harsashin .45 ba shi da leɓen da ke tare shi a baya, bakin kwansonsa ne ke tokare da wani ɗan tudu a cikin ɗakin. Tazarar da ke tsakanin wannan tudu da fuskar silaid dole ta faɗa tsakanin 0.898 da 0.920 na inci. Da ma'aunin nan biyu ake tabbatarwa. Ka cire ƙugiyar da ke fizgo kwanso da sifirin, ka sa gajeren ma'auni, ka rufe silaid da yatsa kawai: ya rufe duka. Ka sa dogon: kada ya rufe. Idan gajeren ya hana rufewa, ɗakin bai kai zurfi ba, sai maƙeri ya ƙarasa shi da abin huda na musamman. Idan dogon ya rufe, ka mayar da bututun inda ka saye shi. Ka tuna rage harshen baya da ka yi yana iya sauya wannan tazara, shi ya sa ake yin awon bayan an gama, ba kafin ba.

Ka kuma riƙe bututun baki ƙasa ka saki harsashin bogi ciki. Ya faɗa da ɗan sauti, ka kifa ya faɗo da kansa.

Gwaji kafin wuta, da gwajin wuta

Ka wanke duk garin ƙarfe, ka shafa mai a haƙora, ƙafafu, bakin bututu da layin silaid, ka haɗa da sabon sifirin. Ka cika gidan da harsasan bogi ka riƙa ja kana saki, ka ga suna hawa suna fita. Sannan ka fitar da su ka gwada makullai. Guduma a ɗane, makullin babban yatsa a sama, ka ja kunama: kada ta faɗi, kuma kada ta faɗi lokacin da ka sauke makullin. Ba tare da ka damƙe makullin mariƙi ba, ka ja kunama: kada ta faɗi. Ka ja silaid baya kaɗan, ka ja kunama: kada ta faɗi. Wannan na ƙarshe shi ne ke hana bindiga tashi alhali bututu bai kulle ba, kuma tunda ka taɓa inda silaid ke tsayawa, dole ka gwada shi.

A filin harbi, da tabarau da abin toshe kunne, ka yi amfani da harsashi irin wanda aka yi bindigar dominsa, mai zagayayyen kai, nauyin giren 230. Mai ƙarin ƙarfi, wanda ake rubuta wa +P, ba na tsohon ƙarfe ba ne. Ka sa ɗaya tak a gidan, ka harba, ka ɗauki kwanson ka duba: babu kumburi a gindi, babu tsagewa, saran allura yana kusa da tsakiya. Sannan ka sa biyu, domin in akwai matsalar da za ta sa bindiga ta zarce da kanta, a biyu za ta tsaya. Sai uku, sai bakwai.

Bayan kamar harbi hamsin ka kwance ka duba da tocila. Gefen haƙoran sama su kasance da kaifinsu, ba sabon ƙyalli ko leɓe. Ƙafafu biyu su nuna guga iri ɗaya. Ramin mahaɗi ya kasance zagaye. In ka ga haƙora sun fara daddakewa, ka dakata, ka koma gwajin sauka, matsalar tana can.

Tsohon bututun kuma ka wanke shi da ruwan zafi, ka busar, ka shafa masa mai ciki da waje, ka naɗe shi tare da mahaɗinsa da bushin ɗinsa a takarda mai maiƙo. Ka rubuta lambar bindigar da ranar da ka cire shi a ɗan kati, ka ɗaura masa, ka ajiye a akwati ɗaya da bindigar.